Baba Soja da ramin Karan

Ɗan Gadarif: Salamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake. Jiya aka yi saukar Alƙur'ani a ƙauyenmu, aka karanto sunayen magabata ɗaya bayan ɗaya, amma aka tsallake ƙanin kakana, wanda muke kira Baba Soja. Saurayi ne manomin dawa da riɗi, ya shiga rundunar tsaron Sudan bayan Italiya ta kama Kasala a watan Yulin 1940. A Karan ta Iritiriya aka kashe shi a 1941, cikin ramin da ya haƙa da hannunsa. Abokinsa da ya dawo shi ya kawo wa uwarsa casbinsa da wani kofin ƙarfe da ya lotse a gefe. Kakata ta gaji kofin, tana ajiye shi a ƙasan akwatin kayanta cikin tsumma, har ta rasu ba ta yarda kowa ya sha ruwa da shi ba. Bai yi aure ba, bai bar baya ba. Shahidin da ya ba ƙasar nan jininsa shekara 15 kafin a ɗaga tuta a 1956, shi za a manta, sannan gobe a ce mana baƙi?

Inna Kasala: Allahu Akbar. Allah Ya jiƙansa, ɗana. Kofin nan ya sa ni hawaye.

Almajirin Harami: Allah Ya gafarta masa. Amma ɗan'uwa, ka janye kalmar shahidi. Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi yaƙi don kalmar Allah ta zama maɗaukakiya, shi ne a tafarkin Allah. Wannan yaƙin Ingila ne da Italiya. Janar Platt ne ya ja rundunar, albashin Ingilishi suke ci.

Ɗan Gadarif: Malam, ni ban zo neman fatawa ba.

Jikan Mai Wurno: Gaskiya Malam ya faɗa, ko da ɗaci. Me ya kawo kakanninmu bakin kogin Nilu? Gudun Nasara. Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi a 1903 tare da jama'arsa, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira har ya sauka kusa da Sinnar. Waɗannan su ne shahidai. Yaya za a haɗa wanda Bature ya harba da wanda ya ɗauki bindigar Bature?

Direban Madani: To ku da kuka gudo daga Nasara, a hannun wa kuka sauka? Sudan ɗin ma ai a hannun Ingilishi take tun faɗan Karari a 1898. Su suka bar ku kuka zauna.

Jikan Mai Wurno: Ka iya bakinka. Zama daban, sa kaki daban.

Inna Kasala: Ku yara, ba ku san Italiya ba ne. Su suka rataye Umar Mukhtar a Libiya a 1931. Garinmu suka shiga suka zauna wata shida, sai a Janairun 1941 suka fita. Wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa ko iyalinsa shahidi ne, wannan ma hadisi ne, Malam, ko shi ba a karantar da ku ba?

Almajirin Harami: An karantar, Inna, Allah Ya ƙara girma. Amma Karan ba gidansa ba ne, ƙasar wasu ce ya tsallaka. Kuma Imamu Bukhari ya yi babi guda cewa ba a yanke wa wane shahada.

Malamin Makaranta: Ni ba shahidi ne ya dame ni ba, rami ne. Faɗan Karan a kan duwatsu aka yi shi, daga Fabrairu zuwa 27 ga Maris. Italiyawa ne a sama, a kan Sanchil da Dologorodoc, suna tsare da mashigin. Mafi yawan waɗanda suka hau dutsen sojojin Indiya ne da na Birtaniya. A kan fa wa zai haƙa rami? Duwatsu ake tarawa a ɓuya a baya. Wataƙila a Gallabat ya mutu, a Nuwamban 1940.

Ɗan Gadarif: Ustaz, kakata ta ce rami, ta ce Karan. Ƙarya ta yi ke nan?

Malamin Makaranta: Ban ce ba. Akwai takarda? Lambar soja? A maƙabartar yaƙi ta Khartum akwai bangon da aka rubuta sunayen waɗanda ba a san kabarinsu ba. Kun taɓa dubawa?

Ɗan Gadarif: Takardun suna gidan yayana a Madani. Da mayaƙan RSF, masu yaƙi da sojan gwamnati, suka shiga garin a Disamban 2023, da kayan jikinsa ya fito.

Direban Madani: Wallahi haka ne, ni ma takalmi ɗaya na fito da shi. Mu da muka kwana a ƙarƙashin harsashi mu muka san darajar soja. Wani yana zaune a Makka cikin sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana raba wa mutane Aljanna.

Almajirin Harami: Subhanallah. Ni haifaffen Damazin ne. A rikicin ƙabilanci na Yulin 2022 an ƙone shagon babana. Kada ka koya mini wahala.

Hajiya ta Jidda: Kullum sai an taɓa mu mazauna Saudiyya. Kuɗin da kuke karɓa ta Bankak, manhajar banki ta waya, duk wata daga ina suke fitowa? Can a ce mana Takari, nan ku ce mun gudu.

Jikan Mai Wurno: Ni dai tambayata, Bahaushe ne ma shi ko Babarbare? Gabas ɗin nan an cakuɗe.

Direban Madani: Ji mai tambaya! Attahirun naka Bahaushe ne? Ba Bafulatani ba ne?

Jikan Mai Wurno: Da wane harshe nake maka magana yanzu?

Inna Kasala: Duk Fallata ake kiranku a kasuwa, ku zauna nan kuna rarrabewa. Na tafi salla.

Mai Kula da Zaure: Jama'a ya isa, na rufe maganar. Abin da aka tsayar shi ne: malamai sun yi bayani da hujja cewa ba a kiran sojan Ingilishi shahidi, kuma babu wanda ya kawo abin da ya ture wannan. An kuma tabbatar babu rami a Karan. Shahidanmu na asali su ne na Burmi, inda kakan mahaifiyata ma ya kwanta. Direba, ka nemi afuwar Malam da Hajiya kafin gobe, in ba haka ba zan cire ka.

Ɗan Gadarif: Inna ta kawo hadisi, ba ka ambata ba. Ranar Juma'a bayan la'asar zan yanka akuya in yi masa sadaka a ƙofar gidanmu, liman zai kira sunansa da na uwarsa. Kofin yana hannun ƙanwata a Gadarif, na ce ta zo da shi.