Sabon Himalayan 450 ya shigo gari, me za a fara saya masa?

Baban Amira: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Alhamdu lillahi, babur ɗin da na dame ku da zancensa ya iso, Royal Enfield Himalayan 450, sabo dal. Daga Boxer na yi tsalle zuwa nan, don haka ku ɗauke ni ɗan koyo. Kuɗin da ya rage a hannuna ba yawa, ga shi ina son zuwa Jos kafin damina ta sauka. Me zan fara saya, me zan bari sai gaba? Gaskiya akwatunan gefe na alminiyam da salansa mai ƙara su suka fi tsaya mini a rai.

Ɗan Barnawa: Ma sha Allah! Allah ya sa alheri, ya tsare. Yaushe za a wanke mana?

Kawu Mai CB: Allah ya sanya albarka, ɗana. Ka ajiye maganar salansa tukuna. Jikinka za ka fara saya wa kaya, ba babur ba. Hular kwano mai rufe haɓa gaba ɗaya, wadda ke da tambarin gwajin inganci na ECE 22.06 ko DOT na gaske, ba irin wadda ake rataye wa a bakin titi ba. Ka sa ta a kanka kafin ka biya. Idan ka girgiza kai tana yawo, ta yi maka yawa. Ya kamata ta ɗan matse kumatu. Sai safar hannu, riga mai kariya a kafaɗa da gwiwar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu. Babur ɗin nan kilo 196 ne da mai a cikinsa. In ya kwanta maka a ƙafa kana sanye da silifas, labarin Jos ya ƙare.

Baban Amira: Na gode Kawu. Amma riga mai kauri a zafin Kaduna na watan Maris?

Kawu Mai CB: Akwai mai raga-raga, iska na ratsa ta. Ita nake sawa. In za ka hau tudun Jos da sassafe sai ka ɗora wata a ciki.

Injiniya na Kakuri: Barka da arziki, Baban Amira. Ni ta ɓangaren inji zan yi magana, domin abin da ka saba da shi a Boxer kusan duk ya canja. Wannan injin cc 452 ne, ruwa ke sanyaya shi, kuma injekta gare shi, wato na'urar da ke fesa wa inji mai, ba kafireto ba. Abu uku ke biyo bayan haka. Man fetur sai mai tsabta: ka daina tsayawa wurin 'yan bumburutu, don famfon man yana cikin tanki, datti da ruwa su ke kashe shi, kuma ba abin da za a hura da baki a bakin hanya ba ne. Lagireto kuma ruwansa na musamman ake zuba masa, ba ruwan rijiya ko na leda ba, in ba haka ba tsatsa ta cinye shi ta ciki. Sai baƙin mai. Kulocin babur a cikin baƙin mai yake wanka, shi ya sa na mota ba ya yi masa, santsinsa na sa kuloci zamewa. Ka duba jikin galan ka ga an rubuta JASO MA2, kauri kuma ka bi abin da littafin babur ɗin ya ce.

Sabis na farko a kilomita 500 ne. Kafin nan kada ka murɗe totur har ƙarshe, kada kuma ka daɗe a gudu ɗaya, ka riƙa sauya giya. Kar ka nufi Jos sai an yi wannan juyen.

Ɗan Barnawa: Injiniya, ai in haka ne Zariya ta ishe shi gwaji. Wajen kilomita 80 ne, zuwa da dawowa 160. Ya tashi ta Kawo, ya wuce Maraban Jos da Jaji, ya ci abinci a Kwangila ya juyo. Sau uku ya yi haka sabis ya kusa.

Injiniya na Kakuri: Daidai. Sai dai ya kula da manyan motoci a Maraban Jos, suna fitowa titi ba sallama.

Malam na Tudun Wada: Ni ina da ja a kan akwatunan alminiyam. Suna da kyau a hoto, amma ka tuna hanyarka ta yau da kullum. Wa zai ratsa cunkoson Kasuwar Barci ko gadar Kawo da yamma da akwati biyu a gefe? Kana mantawa da faɗinka sai ka ji ka kwashe madubin wani. Kuma in ka faɗi a burji, gefen akwatin na iya kama maka ƙafa. Jakunkuna masu laushi da ruwa ba ya ratsawa sun fi araha, sun fi sauƙi, ka dawo gida ka kwance su ka rataye. Kaya masu nauyi a ƙasa kusa da kai, marasa nauyi a sama. Wanda ya lafta kaya can bayan kariya zai ji gaban babur na rawa da zarar gudu ya yi nisa.

Alhaji na Malali: Malam, akwati na da ranarsa. Ana kulle shi. Ka shiga masallaci ko gidan abinci hankalinka kwance. Jaka kuwa reza ɗaya ta ishe ta.

Malam na Tudun Wada: Haka ne Alhaji, ban musa ba. To ya sayi ƙarami guda na baya don hula da takardu, na gefe su jira.

Baban Amira: Wannan ta yi mini. Ƙarfen kare inji fa? Wani ya ce a Fanteka za a ƙera mini a kwana biyu.

Injiniya na Kakuri: Fanteka akwai gwanaye, ba abin da ba sa ƙerawa. Sharaɗi ɗaya ne: a ɗaure shi da noti a ramukan da kamfani ya tanada, kada a kusanci firam da wutar walda. In ma dole a yi walda a kusa da babur, a cire kan batir tukuna saboda kwamfutar injin. Kuma kada a yi shi da ƙarfen da ya fi firam tauri. Amfaninsa shi ne ya lanƙwashe ya shanye bugun. In bai lanƙwashe ba, firam ne zai sha.

Ɗan Barnawa: Wallahi wani mai walda ya taɓa yi mini irin wannan a Dominar 400 ɗina, na je sallah na dawo na tarar ya liƙe ƙarfen a jikin firam. Har yau ina jin haushin abin. Ka tsaya a kansu har a gama.

Kawu Mai CB: Bari in taɓo abin da ba wanda ya ambata, taya. CB500X ɗina tayarsa ba tiyub, in ƙusa ta shiga sai in cusa roba in buga iska in wuce. Naka, in irin wilin wayoyin nan ne na yau da kullum, tiyub ne a ciki, inci 21 a gaba, 17 a baya. Mai facin Pambeguwa ko Saminaka zai yi maka faci tsaf, wannan ba matsala, amma in tiyub ɗin ya yage ba lallai ka sami inci 21 a wurinsa ba. Ka riƙe naka guda biyu, da sifanun da ke kwance wilin, da ɗan famfo mai aiki da batir. Ka gwada kwance tayar gaba a tsakar gidanka wata Asabar, hannunka ya san aikin kafin rana ta ɓaci.

Cen kuma, ƙurar hunturu ce ajalinsa. Ka goge ka sa masa mai duk bayan kamar kilomita 500, ko duk sanda ruwan sama ya dake ka. Matatar iska ma ka riƙa leƙa ta.

Hajiya Mai Versys: Sannunku da hira. Baban Amira, barka. Tun yanzu ka yi odar matatar baƙin mai, takalmin birki da wayar kuloci ka ajiye a gida, don ba kaya ba ne da za ka shiga kowane shago ka ɗauko kamar na Boxer. Sannan takardu: lasin mai rukunin A, lamba, inshora, rasiti da takardar kwastam. Asali a cikin leda, hoto a waya. Kun dai tuna a 2021 an taɓa hana hawa babur gaba ɗaya a jihar nan na wani lokaci saboda tsaro, har yanzu kuma mai babur ya fi mai mota shan tambaya a shinge. Ka rage gudu tun daga nesa, ka ɗaga gilashin hula a ga fuskarka, ka yi sallama. Salansa mai ƙara ba za ta taimake ka a nan ba, maƙwabtanka ma ba za su gode maka da asuba ba.

Baban Amira: Hajiya kin kashe maganar salansa ke nan. Hanyar Jos ɗin fa, wacce kuka fi so?

Alhaji na Malali: Ta Maraban Jos, Pambeguwa, Saminaka, Jengre. Tankinka lita 17 ne; ko a kilomita 25 kan kowace lita ka yi lissafi, ka haura 400, zai kai ka da saura. Duk da haka ka ƙara mai a Saminaka. Ta Kachia da Kafanchan ta fi tsawo amma ta fi kallo, ga duwatsun Kagoro, ga ruwan Matsirga in kana da lokaci. Wannan ka bar ta sai kun yi ayari. Ko wacce za ka bi, ka leƙa tasha ana gobe ka tambayi direbobin da suka shigo ranar, su suka san halin da hanya ke ciki. A tashi bayan gari ya waye, a sauka kafin la'asar sakaliya. Ban yarda da tafiyar dare ba ko da fitila goma.

Ɗan Barnawa: Fitilun ƙari dai suna da amfani a hazo, Alhaji.

Injiniya na Kakuri: Suna da shi, in an haɗa su ta rile (ɗan makunnin da ke jawo wuta daga batir) da fis nasu, ba a yanka wayar babur ba. A kuma sunkuyar da su ƙasa don masu tahowa.

Malam na Tudun Wada: Asabar mai zuwa ina da ɗaurin aure a Zariya, ƙarfe 11. Baban Amira, in hularka ta samu kafin nan, mu haɗu a gindin gadar Kawo ƙarfe 7:30, ka biyo bayana.

Baban Amira: In sha Allahu, Malam. Kawu, gobe bayan azahar zan biyo ta shagonka mu je a gwada hular, ban san lambar kaina ba.

Kawu Mai CB: Ka zo da igiyar awon tela.