Tambaya: wai yaya ake hukunta ɓarawo a Malta a zamanin da?

Ɗan_Samaru:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana tarihi na gidan nan ina neman taimako. An ba mu aiki a kwas ɗin tarihin Turai, kowa ya ɗauki ƙasa ɗaya ya duba yadda take hukunta sata tsakanin 1500 da 1800, ni kuma Malta ce ta faɗo min. Ɗan abin da na fara karantawa ya ɗaure min kai wallahi, wai mutum zai yi sata ya ruga coci shikenan ba mai ikon shiga ya kamo shi, wani kuma a kama shi a ɗaure a jirgin ruwa ya yi shekaru yana tuƙi. To doka ɗaya ce ko kala-kala? Su wa ma ke mulkin wajen a lokacin?

Tsohon_Ticha_Tudun_Wada:
Wa alaikumus salam ɗana. Ka fara da masu mulkin, sauran zai warware. Malta ɗan tsibiri ne a Bahar Rum, kudu da Sisili, duka-duka in an haɗa da ƙananan tsibiran da ke kusa da shi murabba'in kilomita 316. A 1530 Sarki Charles na biyar, mai mulkin Sifen da Sisili, ya ba da shi ga baraden Waliyyi Yohanna, wata ƙungiya ta mayaƙan Kirista 'ya'yan manyan gidajen Turai, bayan Sarkin Musulmi Sulaiman na Daular Usmaniyya ya kore su daga tsibirin Rodes a 1522. Su suka riƙe wajen har 1798. To ka ga baƙi ne ke mulki, 'yan ƙasa kuwa manoma ne da masunta da masu kaɗin auduga, harshensu ma daga Larabci ya samo asali, amma shari'a da Italiyanci ake rubuta ta. Ka auna talaka tsaye gaban alƙali ana rubuta maganarsa da harshen da ba ya karantawa.

Kotu kuwa ba ɗaya ba ce. Akwai ta shugaban baraden wato Castellania, gininta na nan a Valletta, babban birnin ƙasar, har yau, an sake gina shi tsakanin 1757 da 1760 zamanin shugaba Pinto, a kusurwarsa akwai wani dutse da ake ɗora mai laifi a kai jama'a su wuce suna kallonsa. Akwai kotun tsohon birni Mdina mai kula da ƙauyukan da ke kewaye, akwai ta bishop, akwai kuma ta wakilin Fafaroma mai binciken aƙida da ke zaune a garin Birgu. Abin da nake so ka riƙe shi ne kowace kotu tana da mutanenta da take karewa, in barde ne ƙungiyarsa ce za ta yi masa shari'a, in malamin coci ne ko da ƙaramin muƙami sai bishop, in kana da takardar cewa kai yaron wakilin Fafaroma ne to kotun gwamnati ba ta isa ta taɓa ka ba, kuma mutane sun yi ta neman irin wannan takarda saboda haka ɗin. Wanda ba shi da kowa shi ke faɗawa hannun Castellania.

Hukuncin kuma akwai bulala a bainar jama'a, akwai kora daga tsibirin, akwai rataya in laifin ya yi nauyi, sai wanda ka ambata na jirgi. Jiragen yaƙinsu da filafili ake tuƙa su, mutane jere a kan benci da sarƙa a ƙafa, nan za su ci nan za su kwana, mai bulala na kai-komo a tsakiya. Kafin a kai ga hukunci ma akwai azabar neman ikirari, a ɗaure hannun mutum ta baya a ja shi sama da igiya har kafaɗa ta goce. An tattara dokokin a 1724 zamanin shugaba Vilhena, aka sake a 1784 zamanin shugaba de Rohan, ka nemi waɗannan biyun za su yi maka amfani.

Maman_Hanifa:
Baba Allah ya ƙara lafiya, mun ƙaru. Ni maganar cocin nan ce ta tsaya min a rai, kuma gaskiya ban ga aibunta ba. Kwanaki a bakin kasuwa na ga an yi wa wani yaro ihun ɓarawo a kan waya, kafin ka ce kwabo an taru masa da gora da duwatsu, bai fi sa'ar ƙanina ba, takalminsa ɗaya na can gefe jini na bin kunnensa yana ta rantsuwa, ba wanda ya tsaya ya tambayi ina wayar. Wani dattijo mai shago ne ya janye shi ciki ya ja ƙofa ya tsaya a bakin. Da a ce akwai wajen da kowa ya san in mutum ya shiga ba a taɓa shi sai hukuma ta zo, rayuka nawa za a tsirar? Kuma Baba ai na ji an ce tsibirin ba ya noma abin da zai ci, yunwa ba za ta sa a yi sata ba?

Almajirin_Kongo:
Hajiya niyyarki mai kyau ce amma ki duba, wannan mafaka ta coci daga hukuma take ɓoye mutum, ba daga masu gora ba. Mutum zai kwashe kayan marainiya ya shige ɗan ƙaramin cocin ƙauye ya zauna, mai kaya na gani ba yadda zai yi, wannan ai danne haƙƙi ne. Shi ya sa a ƙarni na 18 aka cire wa ƙananan coci da yawa wannan alfarma, har aka manna allon dutse a jikin bango da ke cewa nan ba mafaka, wasu allunan suna nan har yanzu.

Batun yunwa kam kin yi gaskiya, alkamarsu daga Sisili ake kawowa, in jirgi ya makara ko farashi ya tashi gari ya ɗau zafi. A 1775 har tawaye aka yi wanda wasu limaman coci suka jagoranta zamanin shugaba Ximenes, cikin dalilan akwai tsadar alkama da hana talaka farautar zomo. Ɗan uwa mai tambaya, in malaminku zai yarda ka kwatanta da fiƙihunmu na Malikiyya, a wajenmu ba a haddi sai kaya sun kai nisabi, rubu'in dinari, kuma an ɗauke su daga ma'ajinsu, ga Sayyidina Umar bai yanke hannu ba a shekarar yunwa. Kuma ba a tambayar ɗan gidan wa ne, ka tuna hadisin matar Banu Makhzum.

Bazazzagi:
Duk kun yi magana amma kun bar babban ɓarawon a waje. Gwamnatin da ke ma talaka bulala a kan sata ita kanta da fashin teku take ci fa. Shugaban barade shi ke ba masu jirgi lasisi su fita su tare jiragen Musulmi, su kwashe kaya su kamo mutane, a 1605 zamanin shugaba Wignacourt har kotu na musamman aka kafa don rabon ganima, shugaba na da kashi goma cikin ɗari. A 1644 sun tare wani babban jirgi da ya taso daga Istanbul zai je Iskandariyya da maniyyata a ciki, suka kashe na kashewa suka kwashe sauran bayi, wannan abin ne ya jawo yaƙin tsibirin Kirit tsakanin Usmaniyya da Venice da aka fara 1645 ba a gama ba sai 1669. Maniyyata fa jama'a, mutanen da suka bar gida don sauke farali.

Kuma kar wani ya ce na ɓoye, ta wancan ɓangaren ma an yi, a 1551 rundunar Usmaniyya ta kwashe kusan duka mutanen Gozo, ƙaramin tsibirin da ke kusa, dubbai, aka kai su Turabulus ta Libya. Amma abin da nake nufi, jirgin nan na fashi yana buƙatan hannu, bayi ba sa isa, to ɓarawon gari da aka yanke ma hukunci ina za a kai shi? Benci ɗaya da bawan da aka sato. Ɗan Samaru ka sa wannan a aikinka don Allah.

Ɗan_Samaru:
Kai, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Ticha saura abu biyu, in an yi wa talaka sata bai san wanda ya yi ba ina yake zuwa? Kuma yaushe tsarin nan ya ƙare?

Tsohon_Ticha_Tudun_Wada:
Da yawa wajen masu duba suke zuwa ɗana, yadda a nan za ka ji an ce za a ja wa ɓarawo Yasin ko a je wajen malam. Takardun kotun Birgu, ta wakilin Fafaroma, cike suke da mutanen da aka gurfanar saboda sun nemi a duba musu wanda ya ɗauki kayansu, kuma sau da yawa bayi Musulmi ake nema don ana ganin suna da ilmin rubutu da hisabi. A 1605 an gurfanar da wani bawa mutumin Alƙahira, Salim ɗan Shehu Mansur, a kan zargin sihiri, takardun shari'arsa suna nan an adana. To ka ga wanda aka yi wa sata shi ma yana iya ƙarewa a gaban alƙali.

Ƙarshen kuwa, Napoliyon na Faransa ya ƙwace tsibirin a watan Yuni 1798, ya kori baraden, ya rufe kotun Birgu, ya saki bayi. Sai dai sojojinsa suka shiga kwasar azurfa da kayan coci, ranar 2 ga Satumba na shekarar da suka zo yin gwanjon kayan wani coci a Mdina mutane suka tashi suka kashe kwamandan da ke wajen, daga nan tawaye ya bazu har Ingila ta shigo, Faransawa suka miƙa wuya a 1800. Mafakar coci ita kuma ba a soke ta gaba ɗaya ba sai 1828, a hannun Turawan Ingila.