Ranar da rahoton ya fito a garinku, me kuka gani a coci?

Maman Yara, Dublin:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Autana mai shekara tara ya dawo daga coci ranar Lahadi yana tsalle, wai an zaɓe shi cikin yaran bagadi, sai in sa hannu a takarda. Yau kwana huɗu takardar tana kan firij, na kasa. Ni da mahaifina ya yi katikis shekara talatin, wadda Fada ɗan Ailan ya yi wa baftisma a ƙauyenmu.

Na zo ƙasar nan Ailan a 2006, ina aikin jinya a gidan kula da tsofaffi. A Nuwamban 2009 rahoton Murphy ya fito kan dayosis ɗin Dublin, wato yankin cocin Katolika da ke ƙarƙashin babban bishop na birnin. An bi ƙarar lalata da yara da aka kai kan limamai 46 tsakanin 1975 da 2004, aka gano cewa manyan bishop huɗu a jere sun fi damuwa da kare sunan coci da dukiyarta a kan yaran. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, tun 1987 suka sayi inshora saboda ko za a kai su kotu. Ke nan sun sani. Wanda bai san ruwa na zuwa ba ai ba ya gyara jinka.

A lokacin muna da wani tsoho a sashena, ya girma a ɗaya daga cikin makarantun horon yaran nan da rahoton Ryan ya tona cin zarafin da aka yi a cikinsu a watan Mayun shekarar. Duk ranar da Fada ya zo kawo jibi, sai ya juya fuska bango ya ja bargo. Wata rana ina yanke masa farce ya ga carbina, ya ce shi ma ya gaya wa wani babba tun yana ɗan shekara goma sha ɗaya, bulala aka yi masa. Bai ƙara ko kalma ba, ni ma ban tambaya ba.

Bishop biyu sun sauka bayan rahoton. Wasu biyu sun miƙa takardar ajiye aiki a jajiberin Kirsimeti, Roma ta ƙi karɓa. Ku da kuke wasu ƙasashe, yaya abin ya kasance a wajenku? Akwai babban da kuka ga ya amsa laifinsa da idonku?

Kawu na Pittsburgh:
Maman Yara, sannu da ɗawainiya. Namu ya fito 14 ga Agusta 2018. Dayosis shida na jihar Pennsylvania, limamai sama da 300, yara sama da 1,000, cikin shekara saba'in. Lahadin da ta biyo baya ina cikin masu zagayawa da kwandon baiko. Ban taɓa ganin kwando ya dawo haka ba. Wata tsohuwa da ta saba saka ambulan kowane mako, ran nan takarda ta saka a ninke, ta rubuta cewa ba za ta ƙara ba da ko sisi ba sai an buɗe ma'ajiyar takardu. Dama rahoton ya nuna kowane dayosis na da ma'ajiyar sirri, makullin yana hannun bishop.

Akwai wurin da na karanta na rufe kwamfuta na fita waje. Wasu limamai a nan garin suna ba yaran da suka lalata sarƙar zinariya mai gicciye, don 'yan'uwansu su gane yaron da aka riga aka horar. Gicciye fa, 'yar'uwa.

Ga tambayarki. Limamai biyu kacal aka iya gurfanarwa daga rahoton, sauran sun mutu ko wa'adin shigar da ƙara ya wuce. Kadinal Wuerl, wanda ya riƙe Pittsburgh daga 1988 zuwa 2006, an cire sunansa daga wata makarantar sakandare a nan, ya kuma ajiye kujerar babban bishop na Washington a Oktoba, amma wasiƙar da Fafaroma ya karɓi murabus ɗinsa da ita cike take da yabo. Tsofaffin cocinmu ba su yi mamaki ba. Sun tuna Kadinal Law na Boston, da ya sauka a Disambar 2002, a 2004 aka ba shi babbar majami'ar Santa Maria Maggiore a Roma, a birnin ya zauna har ya rasu a 2017. Kotu ba ta taɓa tuhumarsa ba. Bishop ɗin da na sani an same shi da laifin ƙin kai rahoto shi ne Finn na Kansas City a 2012, shi ma ya ci gaba da zama kan kujerarsa har 2015.

Ɗan Maraɗi a Lyon:
Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, ku yi haƙuri da na sa baki, abin ya faru ne a ƙofar gidana. Ina karatu a Lyon sa'ad da aka yi shari'ar Kadinal Barbarin kan ƙin kai rahoton lalata da yara a Janairun 2019. Mai gidan da nake haya yana cikin yaran sikawut na wancan zamani, shi ba a taɓa shi ba, amma ya san waɗanda Fada Preynat, limamin da ke kula da sikawut ɗin, ya taɓa. Kullum ya dawo daga kallon shari'a sai ya zauna a kicin da kwat ɗinsa a jiki, bai cire ba. Abin da ya fi ƙona masa rai maganar da Kadinal ya yi a Lourdes a 2016, inda ya gode wa Allah cewa yawancin laifukan wa'adinsu ya wuce. A Maris aka yanke masa wata shida na jeka-ka-gyara-halinka, a Janairun 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi. Sai ga rahoton Sauvé a 2021, yara kimanin 216,000 da malaman cocin Faransa suka lalata tun 1950.

Ba yatsa nake nuna muku ba. Na san malamin allo a unguwarmu da aka kore shi cikin dare ya koma wani gari ya buɗe wata makarantar, ba wanda ya kai shi ko'ina.

Baban Grace, Kolon:
Mu a Jamus harajin coci ake cirewa daga albashi, in kana son fita daga coci, a nan Kolon sai ka je kotu ka sa hannu. A 2021, bayan Kadinal Woelki na Kolon ya ƙi sakin rahoton farko kan lalata da yara da shi da kansa ya sa a yi, na nemi ranar zuwa, na tarar duk an cike. Da ranata ta zo matata ta yi ta kuka, na fasa. A 2022 sama da mutum 500,000 suka fita daga cocin Katolika a Jamus. Shi kuwa hutu aka ba shi na 'yan watanni, ya dawo kujerarsa.

Dattijo, Kafanchan:
'Ya'yana, ku bi a hankali. Mu nan ana sace mana limamai ana kashewa, muna binne su da hannunmu. Wannan magana sanda ce kuke miƙa wa masu neman mu da duka. Abin Turawa ne, ku bar shi can.

'Yar Zumunta:
Baba, ina gaisuwa, kuma jinin limamanmu yana mana ciwo duka. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ba zan faɗi gari ba. Ina sakatariyar Zumuntar Mata sa'ad da wata gwauruwa ta same ni bayan sujada, ta ja ni bayan ɗakin ajiye kujeru. 'Yarta mai shekara goma sha uku tana shara da wanke-wanke a gidan Fada, shi ke biya mata kuɗin makaranta. Yarinyar ta daina cin abinci, in an aike ta can sai ta ɓuya a gona. Da uwar ta matsa mata, ta faɗa.

Mu uku muka je wajen wani babba a dayosis. Ya saurare mu, ya ba mu ruwan sanyi, ya ce mu rufa wa coci asiri, za a duba. Bayan wata biyu aka sanar cewa an yi wa Fada canjin wurin aiki. Muka yi masa liyafar ban kwana, Baba. Ni na tara kuɗin atamfa da akuya, na tsaya na karanta jawabin godiya, uwar tana zaune a benci na baya. Wata dattijuwa ma cewa ta yi in ɓera da sata, daddawa ma da wari, a kan yarinya 'yar shekara goma sha uku. Ba mu je wajen 'yan sanda ba, ko tunanin haka ban yi ba. Inda aka kai shi akwai makarantar firamare. Wannan nauyi a kaina yake, ina kuma furta shi a gabanku.

Da ake cewa abin Turawa ne, Sista Veronica Openibo, 'yar Najeriya, ta tsaya gaban Fafaroma Francis da shugabannin bishop na duniya a taron Vatican na Fabrairun 2019 ta ƙaryata hakan, ta ce ta ji irinsa a ƙasar nan. A watan Mayun shekarar aka fitar da doka cewa kowane dayosis ya samar da hanyar kai ƙara da kowa zai iya bi, kuma bishop ɗin da ya rufe magana shi ma a bincike shi. Sai dai bishop ne ke binciken ɗan'uwansa bishop. A cikinmu nan wa ya san lambar wannan ofishi a dayosis ɗinsa? Ni na tambaya sau biyu, har yau ban samu ba.

Dattijo, Kafanchan:
'Yata, ban san haka ba. Yarinyar tana ina yanzu?

'Yar Zumunta:
Ta bar makaranta a aji biyu, Baba. Tana da aure a wani gari. Ba ta zuwa coci.

Maman Yara, Dublin:
Na gode muku duka, musamman ke Yaya. Jiya na je cocinmu na nemi matar da ke kula da kare yara, hotonta da lambarta suna manne a ƙofar shiga. Ta nuna mini littafin da ake sa hannu a ɗakin shirin limamai, ta ce ba a barin yaro shi kaɗai da babba ɗaya, kuma duk mai aiki da yara sai 'yan sanda sun tantance shi, har Fada. Na tambaye ta in yaro ya faɗi wani abu, wa za ta fara kira. Ta ce hukumar kula da yara da 'yan sanda. Na sa hannu a takardar autana, na kuma cike tawa ta tantancewa. Duk Lahadin da yake aiki, ni ce babba ta biyu a ɗakin.