Tsakanin "kama da wane" da "ƙaramin sani": wace karin magana ce ta dace da kalmar inflammable?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Makon jiya aka ba ni wata takardar gargaɗi ta Turanci in mayar da ita Hausa, a cikinta kuwa akwai inda aka rubuta *highly inflammable* game da wani ruwan sinadari da ake wanke injuna da shi. Tun muna aji aka koya mana cewa ɗafa-goshin *in-*, wato ƙarin da ake liƙawa a farkon kalma, korewa yake yi, kamar yadda *correct* ke komawa *incorrect*, *visible* ta koma *invisible*, saboda haka ban yi wata-wata ba na rubuta cewa ruwan ba ya kama wuta ko kaɗan. Allah ya taimake ni, wani abokin aikina ya duba kafin a buga, ya buɗe mini ƙamus na ga cewa *inflammable* da *flammable* ma'anarsu ɗaya ce, wato abu mai saurin kama wuta. Da ya ga jikina ya yi sanyi, sai ya ce da ni, "Ai kama da wane ba wane ba ne." Tambayata ita ce, shin wannan karin magana ta zauna a inda ya ajiye ta, ko kuwa akwai wadda ta fi ta dacewa?

Tsohon Tafinta:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, abokin aikinka ya jefa karin maganar a gurbinta, kuma dalilin yana cikin tarihin kalmar. Turanci ya gaji ɗafa-goshi biyu daga Latinanci waɗanda ake rubuta su iri ɗaya, amma ba su haɗa uwa ba, ba su haɗa uba ba. Na farko shi ne na korewa, ɗan'uwan *un-* da ke cikin *unhappy*. Na biyu ma'anarsa "cikin" ko "shigar da", shi ne wanda ke cikin *include* da *inject* da *invade*. Kalmar *inflammable* ta fito ne daga aikatau *inflammare*, wato cinna wa abu wuta, don haka na biyun ne a goshinta. Daga wannan saiwa ne kuma aka samu *inflammation* da likitoci ke faɗa idan wuri ya kumbura ya yi ja ya yi zafi, kuma babu wanda ya taɓa ɗaukarta da ma'anar rashin kumburi. Abubuwa biyu ne masu fuska ɗaya da asali dabam, to mene ne "kama da wane ba wane ba ne" in ba wannan ba?

Malamar Adabi:
Allah ya gafarta Malam, bayanin asalin kalmar ya gamsar da ni, amma a kan karin maganar ina da ja. Na farko dai "wane" mutum ne, kuma inda na fi jin ana faɗin wannan magana shi ne idan wani ya kwaikwayi shigar wani ko tafiyarsa ko maganarsa alhali bai kai shi ba, ko kuwa idan an ga mutum daga nesa an zaci wani ne. A cikinta akwai na gaske da na jabu. To a nan wane ne na jabun? Duka ɗafa-goshin biyu na gaske ne, kowanne da gidansa.

Na biyu, wanda ya fi muhimmanci a wurina, karin maganar tana ɗora laifin a kan kalmomin, alhali abin ya faru ne a cikin kan mai karatu. Wanda bai san Turanci ba sam, idan ya ga *inflammable* zai je ya tambaya, matambayi kuwa ba ya ɓata. Wanda ya ƙware ya san ɗafa-goshin biyu ne. Wanda ke faɗawa ramin shi ne na tsakiya, wanda ya riƙe ƙa'ida ɗaya da kyau har ta hana shi buɗe ƙamus. Saboda haka ni da a ce a gabana abin ya faru, cewa zan yi ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ƙuƙumi shi ne ɗaure wa mutum hannu a haɗa da wuyansa, ga hannun yana nan amma ba ya iya miƙa shi, kuma haka ƙa'idar ta yi wa ɗan'uwanmu. Ina roƙon mai tambaya ya yi mini afuwa, ba raina iliminsa nake yi ba, domin ni ma na taɓa fassara *impassioned* da "marar motsin rai", alhali ma'anarta magana mai cike da zafin rai, kuma *impassive* ce ke nufin wanda fuskarsa ba ta nuna komai.

Ɗalibin Harshe:
Malama, hujjarki ta biyu tana da ƙarfi, amma ta farkon ban ga ta tsaya ba. Karin magana ai aro take yi. Idan aka ce biri ya yi kama da mutum, ba zancen biri ake yi ba, ana nufin alamu sun fara gaskata zargi, to in dabba za ta tsaya a madadin zargi, me zai hana "wane" ya tsaya a madadin kalma?

Abin da nake so in ƙara shi ne mu daina kallon wannan a matsayin wata ƙeta ta Turanci, domin harshenmu ma yana da irin tarkon. A ɗauki baƙon da ya fara koyon Hausa, aka gaya masa cewa "ba" korewa take yi, kamar a "ba ni" da "ba haka ba". Ranar da ya gamu da "Bature" ko "Balarabe" ko "Bahaushe" ko "baduku", in ya bi ƙa'idar da ya haddace, zai ce ana nufin wanda ba shi ne ba, alhali wannan "ba-" jingina mutum take yi ga ƙabila ko gari ko sana'a. Mu da muka tashi da harshen ba mu taɓa jin wani ruɗani a nan ba, kamar yadda Baturen da ya san *inflame* ba lallai ya ji shi a *inflammable* ba.

Tsohon Tafinta:
Misalin "ba-" ya yi kyau ƙwarai, sai dai a ƙarshensa zan ɗan gyara wa ɗalibinmu. Masu harshen ma sun ruɗe, har abin ya zama batun tsaron rai. *Inflammable* ita ce tsohuwar kalma, ta riga *flammable* da ƙarnuka, kuma a shekarun 1920 ne Ƙungiyar Kariya daga Gobara ta Amurka ta yi kira da a koma rubuta *flammable* a kan kayan haɗari, saboda tsoron kada mutane su karanta *in-* a matsayin korewa. Shi ya sa yau a kan tankar mai da tukunyar gas *flammable* aka fi gani, wanda ba ya kama wuta kuma a ce *non-flammable*. Faransawa ba su bi wannan hanya ba, suna nan da *inflammable*, kishiyarta kuwa *ininflammable*, inda ɗafa-goshin biyu suka zauna kusa da juna kowa na aikinsa. Mai fassara daga harsunan biyu sai ya ƙara kula, domin *inhabitable* a Turanci wuri ne da za a iya zama a cikinsa, a Faransanci kuwa wanda ba ya zaunuwa ne.

Wannan kuma, Malama, ya sa na ƙi sakin karin maganata. In har masu harshen sun ga ya fi sauƙi su sauya kalmar da su ilimantar da kowa, to kamar ce ta yi yawa, ba sanin mai karatu ne kaɗai ya yi kaɗan ba.

Malamar Adabi:
Na karɓi gyaran ɗalibinmu a kan "wane", kuma na yarda karin maganar Malam ta zauna a kan *inflammable* da *inhabitable*. Amma a gwada ta a kan *invaluable* a gani. A nan *in-* ɗin na korewa ne na haƙiƙa, wane ne da kansa ba mai kama da shi ba, duk da haka mutane suna fassara ta da "marar daraja" alhali ma'anarta abu mai matuƙar daraja. Abin da aka kore ba darajar ba ce, iya ƙimanta ta ne. Hausa ta raba su sarai: "ba shi da ƙima" dabam, "ba ya ƙimantuwa" dabam, kuma na biyun shi ne *invaluable*. Haka *priceless* take, abin da kuɗi ba sa iya sayensa, yayin da *worthless* ke nufin abin banza, ga shi ɗafa-ƙeyarsu ɗaya, wato *-less* da ke ƙarshensu. *Infamous* ma korewa ce ta gaske, amma kyakkyawan suna aka kore, shaharar tana nan, wato wanda ya yi ƙaurin suna. A duk waɗannan babu wata kama da ta yaudari kowa, mai karatu ya gane ɗafa-goshin daidai, bai dai san abin da ya faɗa a kai ba. Ƙuƙumin nan dai shi ne.

Mai Neman Sani:
Na gode, malamai, Allah ya ƙara basira. Malama, babu abin yafewa, ƙuƙumin na ji shi a wuyana tun kafin ki ambace shi. A takardar dai na gyara na rubuta "mai saurin kama wuta ƙwarai", na kuma nemi a mayar da Turancin *highly flammable* a bugu na gaba. Sai dai yanzu na gamu da *unravel* da *ravel*, ƙamus ya ce duka biyun suna iya nufin warware zare, haka ma *loosen* da *unloosen* duka sassautawa ne. A nan ɗafa-goshin bai kore ba, bai kuma shigar da komai cikin komai ba, yana zaune ne kawai. Malam Tafinta, wannan kuma a ƙarƙashin wace karin magana za mu saka shi?