Yaron da ba ya nuna abu da yatsa: galahanga ce ko jinkirin magana?

Uwar gida, Zariya:
Assalamu alaikum. Yaro ɗan wata 20, ba ya magana, ba ya nuna abu da yatsa. In yana son ruwa sai ya ja hannun babba zuwa randa, bai duba fuskarsa ba. Me za a lura da shi, me za a yi a gida?

Ma'aikaciyar lafiyar yara:
Wa'alaikumussalam Hajiya. Rashin nunin ya fi rashin maganar nauyi. Nuni iri biyu ne: na "ba ni", da na "duba abin da na gani". Na biyun ne ake nema: amalanke ta wuce, yaro ya nuna ta, ya juyo ya kalli uwarsa, ya sake kallon amalanken. Yawanci ana ganin haka kafin wata 18, kuma rashinsa na cikin alamun farko na galahanga, wato otizim, larurar da ke shafar yadda yaro ke mu'amala da mutane. Amma a fara auna kunne, tunda sanƙarau da ciwon kunne mai ruwa suna kurmantar da yara a nan. Kurma dai yana nuni, yana bin fuska da ido. Akwai takardar tantancewa, M-CHAT-R, mai tambaya 20, ta ƴan wata 16 zuwa 30. Tana nuna a bincika ne kawai, likita ke yanke hukunci.

Malamin yara masu buƙata ta musamman:
Hajiya, kada a jira sakamako. A sauke shi daga goyo, a kashe tele, a zauna kan tabarma fuska da fuska. Kwano biyu, ludayi biyu. Ya buga, ki buga irin nasa. Sai ki tsaya, ki ƙirga biyar a zuci, ludayin kusa da fuskarki. Da ya ɗago ido, ko na ƙiftawa ne, ki ci gaba nan take da murmushi da kalma ɗaya: "buga!" Minti 10, sau uku a yini. Wajen koya nuni, yatsarki ta taɓa abin tukuna, bayan kwanaki a riƙa ja da baya.

Inda ake kuskure: kama haɓarsa a ce "dube ni". Yana sa yaron ya tsani kallon. Haka yawan "mene ne wannan?", wasa ya koma jarrabawa, ya tashi ya bar wurin.

Ma'aikaciyar lafiyar yara:
Ƙari kaɗan, Malam: a sa yayyensa cikin wasan, ɗaya bayan ɗaya, kada su taru masa a kai.