Wai mujiya ba ta gani da rana?

Goggo: Ku ji ikon Allah. Wata ƙatuwar mujiya ce a kan mangwaron bayan gidanmu nan Tudun Wada, hankaki sun taru suna ta kai mata sara, ko motsi ba ta yi. Dama makauniya ce da rana.

Auta: Goggo, a yi min afuwa, tana gani sarai. Hutawa take yi.

Kawu: Kai Auta, ka fara da bokon naka. Tun muna yara muka taso muka ji haka. In tana gani, me ya hana ta ramawa?

Auta: Kawu, sun fi ta yawa ne. Kuma sun san in dare ya yi har tsuntsaye take ɗaukewa, shi ya sa suke rufar mata.

Yaya Babba: Ni ganau ne. A gonata ta bakin kogin Kaduna akwai wata shirgegiya, fatar idonta ruwan hoda. In na doshi bishiyar sai ta buɗe ido ta bi ni da kallo, in na ƙara taku ta tashi, ta ratsa tsakanin rassa ba ta taɓa ko ɗaya ba. Makaho zai yi haka? A gindin bishiyar kuwa fatun bushiya nake tsinta, an cinye naman an bar ƙayar.

Auta: Yawwa Yaya! Wannan ita ce mujiya mafi girma a Afirka, tsawonta kan haura santimita 60. Abin da ke ruɗin mutane, ƙwayar idonta ba ta juyawa, sai dai ta juya kai, har digiri 270. Ƙasusuwan wuyanta 14 ne, namu 7.

Kawu: To ni na ji da kunne take farauta.

Auta: Akwai wannan. Mai farar fuskar nan da ke kwana a silin, ko a duhu ƙirin tana cafke ɓera da jin motsinsa kawai.

Kawu: Kun ji ko!

Yaya Babba: Haba Kawu, mai kaifin ji dole sai ya makance?

Goggo: Ku tsaya. Na fita da waya in ɗauko muku hotonta, tun ina bakin ƙofa ta juyo ta zuba min ido, ta tashi.

Auta: Kawu?

Kawu: Ƙarar silifas ɗinta ta ji.