Babban bututun salansa ya kashe min Hilux

Elhaji Mai Albasa: Salamu alaikum jama'a. Rai a ɓace nake wannan rubutu. Salansar Hilux ɗina ta ruɓe ta huje, mai injin 5L ce, na tsaya Tawa na ba wani mai walda ya canza bututun tun daga gaba har baya, ya ce bari ya sa min babba mai inci 3 wai mota za ta sha iska ta ƙara gudu, jikka 45 na ƙirga na ba shi. Yanzu ga ta nan tana ruri kamar tirela, in na yi lodin albasa daga Galmi ɗan tudu kaɗan sai na dawo bitesi na biyu, inda da da na uku nake wucewa. Babban bututu kashe mota yake, kowa ya kiyaye. Aikin ƙauye kawai aka yi min.

Ɗan Adar: Wa alaikumus salam Elhaji. Allah shi kyauta. Amma ina ne ƙauyen? Tawa ta ƙauye?

Elhaji Mai Albasa: Aikin na ce, ban ce garin ba

Ɗan Adar: Aikin a ina anka yi shi? Ba Tawa ba? To ka gama magana ai. Babban birnin jaha guda, ga jami'a ga filin jirgi, ku zauna Yamai kuna kiran mutane ƴan ƙauye alhali albasar da kake ci da ita daga ƙasarmu take hitowa

Bashir Bukoki: Gaskiya ɗaci gare ta ɗan'uwa. Da ya kawo ta nan Yamai ya shiga kasuwar Katako ya zaɓi ƙarfe da idonsa da wannan magana ba ta taso ba. Can duk tiyon ruwa suke yankawa su lanƙwasa da wuta

Ɗan Adar: Duk? Ka taɓa sa ƙahwa garejin Tawa ko labari kaka ji? Je ka Katakon ka tambayi masu bugun ƙarhen daga ina sunka zo

Usta Idi: Ku dakata mu duba motar tukuna. Elhaji 5L lita 3 ne kuma ba shi da turbo, wato na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska, hayaƙin da yake fitarwa bai kai na inci 3 ba. Inci 3 milimita 76 ke nan. A ganina inci 2 zuwa 2 da kwata, wato 51 zuwa 57, ya ishe shi. Daga 57 zuwa 76 kamar ƙari kaɗan ne a ido amma faɗin ramin ya kusa ninkawa, hayaƙi sai ya rage gudu a ciki, injin da ba turbo kuwa yana son hayaƙin ya fita da sauri don ya jawo na bayansa. Da injin 1KD ne ko 2KD masu turbo, faɗi bayan turbo ba ya cutarwa, taimako ma yake. Amma fa kar ka ɗora wa bututu laifin duka, a injin gazuwal da wuya shi kaɗai ya ci maka bitesi guda. Yaushe rabonka da canza filtar iska da ta gazuwal? Da ƙurar hanyar nan. Kuma ka ɗauki igiya ka zagaye bututun ka auna, in ka ga wajen santimita 24 inci 3 ne da gaske, in tsohon yana nan shi ma ka auna mu kwatanta

Bashir Bukoki: Kun ji ko, Usta ma ya tabbatar aikin ƙauye ne

Usta Idi: Ni ban faɗi haka ba Bashir, kar ka sa min magana a baki

Hajiya Ta Wadata: To wai ƙauye zagi ne? Wa ke nan wanda kakansa ba ƙauye ya fito ba? Ni abin da ya dame ni ma ko waldar ta kama da kyau, don in hayaƙi na shiga wajen direba mutum sai ya ji ciwon kai da barci yana tuƙi, wannan shi ke kisa ba ruri ba

Ɗan Adar: Hajiya ki bari, sun san abin da suke nuhi. Kullum haka na. Ko kokowar takobi da suke taƙama da ita a Tawa anka hwara ta, 1975

Na Maraɗi: Kuma Kantu na Maraɗi ya ɗauke takobin a gabanku 😂

Ɗan Adar: Kai kuma wa ya kira ka? Ana maganar mota

Na Maraɗi: Kai ka kawo kokowa ai. Ni dai shawarata Elhaji ya sayar da tsohuwar nan ya nemi Land Cruiser mai injin 1HZ, lita 4.2 silinda shida, ya huta da lissafin tudu

Elhaji Mai Albasa: Tsohuwa? Motar da ke ciyar da gida biyu? Kai da ko keke ba ka da shi, ka fara biyana kuɗin buhunan bara sannan ka zaɓa min mota

Na Maraɗi: Haba Elhaji a gaban jama'a, wannan ba girmanka ba ne

Bashir Bukoki: Ni abokina ya sa inci 3 a tasa kuma tana tashi sama, kenan matsalar ba girman ba ce, hannun da ya yi aikin ne

Usta Idi: Wane inji gare ta?

Bashir Bukoki: Hilux ce dai fara

Ɗan Adar: Ɗazu ka ce Usta ya yi gaskiya babba bai dace ba, yanzu kuma babba na tashi sama. Kai dai burinka a ce Tawa ba ta iya ba

Usta Idi: Elhaji ka auna ɗin? In da lanƙwasar da ta matse ma ka ɗauko hoto, wani lokaci bututun babba ne amma a kwana ya tsuke ya fi na asali ƙanƙanta

Elhaji Mai Albasa: Ina hanya Usta, sai na sauka. Amma maganata na nan ban janye ba

Shugaba Malam Habu: To ya isa hakanan, kowa shi yi haƙuri. Na karanta tun daga sama, ga abin da munka tsaida. Usta Idi, wanda shi aɗ ɗai ya san aikin cikinmu, ya nuna matsalar filta ce da rashin kula da mota, mai waldar Tawa ba shi da laihi, abin da anka biya shi ya sa kuma waldarshi ba ta saki ba. Elhaji shi canza filta shi kuma janye kalmar da ya hwaɗi. Bashir bai kawo hujja ko guda ba. Maganar bashin buhu ku yi ta tsakaninku, ta takobi kuma kowa ya san inda anka hwara. Wanda ya sake rubuta ƙauye yau ina hidda shi sai bayan sati.